Eliana, Wadda Ba Ta Jiran Kashi na Ƙarshe

Ranar Talata, bakwai ga Oktoba, ina cikin duba takardun ɗalibai 'yarki Paz ta kira ni ta ce kin cika a asibiti, nan Sydney. Na ajiye biro na zuba wa kujerarki ido. Shekaru da dama muna ofis ɗaya a sashen tarihi, Eliana, sai ga shi kin tafi a watan da kowa ya gaji, kin bar ni da tulin kundaye da ɗalibarki guda da ba ta gama ba.

Ke kaɗai ce a jami'ar nan kike haɗa tarihin zalunci da opera, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, a aji ɗaya. Duk shekara sai ki kwashi 'yan ajin ƙarshe zuwa wasan rana, ku hau kujerun can sama na masu ƙaramin ƙarfi. Su ga an ɗaure marar laifi, su ji azzalumi yana rera waƙarsa, amma da an sauke labule kafin kashi na ƙarshe sai ki miƙe ki ce kowa ya ɗauki jakarsa. A jirgin ƙasa za su rubuta abin da ya kamata a yi wa azzalumin. Na sha tsokanarki cewa ke ce mai biyan kuɗin tuwo ta tashi ta bar loma mafi daɗi. Sai ki ce a kashin ƙarshe sarki ke fitowa ya yafe wa kowa, a tafa, a watse, alhali ba shi aka daka ba.

Mun daɗe tare kafin ki gaya mini cewa sojoji sun ɗauke ƙanenki Hernan daga gidanku a Chile yana ɗalibi, har yau babu gawa babu kabari. Ba ki sake tayar da zancen ba, ni ma ban tambaya ba.

Bana kika karɓi Zelia Amaral, 'yar Timor. Kundinta a kan zaman sulhun ƙauyensu ne, inda aka shimfiɗa tabarma, mutumin da ya tona asirin mahaifinta ga sojoji ya amsa laifinsa, dattawa suka ce magana ta ƙare. Mahaifiyarta tana wurin, ba wanda ya tambaye ta. Zelia ta rubuta komai ban da babin ƙarshe. In ta yabi sulhun ta ci amanar uwa, in ta kushe shi ta zagi dattawan garinsu. Ta zo ofis ta ce ita dai ta haƙura da digirin.

Na kai ta wurinki asibiti. Numfashi da ƙyar, amma bakin nan naki bai mutu ba.

"Ke yarinya, wa ya naɗa ki alƙali?" kika ce mata. Sannan kika juyo gare ni. "Kai kuma tsoho, kai ta ta ga kashin ƙarshe. Ba doka ba ce. Ni ce dai ba na iya zama."

Duk shekarun nan na ɗauka dabarar koyarwa ce kawai.

Bayan jana'izarki muka je opera ni da Zelia, ranar Asabar. Da labule ya sauka kafin kashi na ƙarshe sai da ƙafafuna suka yunƙura saboda sabo, amma muka zauna. Sarki ya fito ya yafe. Ba zan yi miki ƙarya ba, waƙar akwai daɗi, har na yi hawaye. A jirgi Zelia ta ce, "Malam, ka lura da matar wanda aka ɗaure? Kowa na waƙa, ita tana tsaye kawai."

Washegari ta kira mahaifiyarta ta yi mata tambayar da ba a yi mata a kan tabarma ba. Amsar tsohuwar ita ce babin ƙarshe. Ta miƙa kundin ranar Juma'a. Ban san makin da za ta samu ba, kuma gaskiya na gaji da maki.

Ina miƙa ta'aziyya ga Paz da jikokinki, da Zelia, da duk waɗanda kika fitar daga zaure ana tsakiyar daɗi. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙan ki, Eliana, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba, ya sada ki da Hernan, ki zauna ki ji ƙarshen labarin daga bakinsa.