Carbin da Ke Komawa Baya

Matso kusa, mai karatu, yau zan faɗi abin da ko 'ya'yana ban faɗa wa ba. Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sani, a gidanmu na haya a unguwar Ainu Shams, nan ƙasar Larabawa. Lissafi yake koya wa 'ya'yan ma'aikatan ofishin jakadanci a unguwar Mohandessin. Ni kuwa firamare ma ban ƙarasa ba. Nawa dai girki, da surutu, da kunne.

Kullum bayan la'asar sai ya zauna a tabarma ya miƙo mini karta. "Yalla, Hajiya, raba mini, da sauri-sauri." Wai ƙwaƙwalwa yake wasawa saboda ɗalibai. Ina jefa kati, shi yana jan carbi, leɓe na motsi. Har alfahari nake wa maƙwabta, cewa mijina ko karta yake kallo bakinsa na ambaton Allah.

Amma kunnena ya ji wani abu. Carbin kowa gaba yake tafiya, ƙas, ƙas, ƙas. Nasa sai ya yi gaba biyu ya dawo ɗaya. Na ce, "Malam, wane zikiri ne ake ja da baya?" Ya yi dariya. "Ma'alish, tsufa ne, mantuwa nake." Na yarda.

Bara ne abokinsa Usman, Bahaushen Sudan mai tasi a unguwar Ard al-Liwa, ya zo gaishe mu. Ya hango carbin a jikin ƙusa, idonsa ya ciko. "Allah sarki, carbin aiki!" Shi a ganinsa yabo yake yi. Ya ce kowace Alhamis shi ke kai Malam gidan cacar wani babban otal, inda ba a barin 'yan ƙasa sai baƙi masu fasfo. Wasan ashirin da ɗaya yake yi. Ƙaramin kati ya fita, ya ja ƙwaya gaba. Babba ya fita, ya dawo da ita baya. In ƙwayoyin sun taru gaba, ya san manyan kati ne suka rage, sai ya zuba kuɗi da yawa.

"Wallahi Hajiya, ba caca yake ba, ilimi yake. Sai da suka gano shi suka hana shi shiga. Ai da shi ya kai ki Makka!"

Na tashi wai zan duba shayi. A kicin na zauna a ƙasa.

Lokacin da za ni hajji, ni ce na ƙi tafiya da bashin banki, na ce sai da halal ɗin gumi. Da Malam ya kawo kuɗin ya ce, "Tamam, kuɗin darasi ne." A filin jirgi shi ya fara kirana Hajiya. Ashe da hannuna na raba kartar da ta kai ni Arfa.

Usman ya ce yanzu inji ke cakuɗa kartar, lissafin ya daina ci. Na san da Malam na nan, sai ya kwana uku yana neman lagon injin. Haka yake, ba ya ganin lamba ya ƙyale ta. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa barin tukunyata a kife ba. Wannan ma gaskiya ne, ban goge shi ba.

Na je wajen malamai biyu kan hajjin nan, kowa da tasa amsar. Carbin yana nan a ƙusa, na kasa ja, na kasa yarwa. In an ce "Hajiya" ina amsawa, amma sai na ɗan yi jim.

To kai mai karatu, da kai ne, da wane baki za ka amsa sunan nan?