Ƙwayoyin da Suke Cewa Ya Isa

Ciwon daga hannuwana ya fara. Ina aiki a ƙasar Larabawa, a wani ɗakin ajiyar kaya a Birnin Masana'antu na Biyu, ina ɗaukar kwalaye ina jerawa, shekara tara ke nan. Wata safiya na tashi a ɗakinmu na unguwar Gubaira na kasa murɗa marfin gorar ruwa. Gaɓoɓin yatsuna sun kumbura, sun ƙage, ba sa sakewa sai hantsi ya yi. Da abin ya kai wata uku kamfani ya tura ni asibiti. Likitan Balarabe ne, yana magana da sauri. Abin da na kama kawai shi ne in sha maganin sau ɗaya a mako, in riƙa zuwa ana ɗibar jinina. Na sha, kumburin ya fara sauka.

A lokacin ina shekara ta biyu da fara koyon karatun boko. Wani injiniyan ruwa ɗan ƙasarmu ne yake tara mu a falonsa ranar Juma'a bayan la'asar, mu shida, kusan kowa da furfura. Shi ya nuna mana yadda ake haska takarda da waya ta juya rubutun zuwa Hausa. Tun daga nan ba na barin takarda ta wuce ni. Wata rana na zaro doguwar takardar da ke cikin kwalin maganina, na haska, na zauna ina bi da yatsa. Na ɗauki fiye da awa guda. A tsakiya na ci karo da wani layi: wannan magani yana rage ƙarfin garkuwar jiki. Na karanta shi sau uku. Ban yi kuskuren ko harafi ɗaya ba.

Ina garin nan lokacin korona, kuma abin da kowa yake faɗa shi ne mai raunin garkuwa ake fara ɗauka. Na nuna wa abokin ɗakina, wani direban tirela Bakatsine.

Ya ce, "Yaya, kai da ake so a gina, sai a ba ka abin rushewa? Ajiye. Gobe zan zo maka da na gaskiya."

Ya zo da zuma da habbatus sauda da tafarnuwa leda guda. Na tura maganin ƙasan akwati. Safe da yamma ina ƙara wa sojojin jikina ƙarfi, har maƙwabcinmu ɗan Sudan ya leƙo ya tambaya ko gidan abinci muka buɗe. Asibitin ma na daina zuwa, don kada a tambaye ni.

Cikin mako shida hannuwan suka dawo fiye da da. Har wuyan hannu ya kama. Maɓallin riga sai direban nan ya sa min. A wurin aiki na koyi rungumar kwali da damatsa, ina juya wa mudir baya, wato shugaban sashenmu. Rannan wani kwali ya suɓuce min a gabansa. Ya kama hannuna ya juya, ya ce da irin Larabcin da suke mana, "Sadik, id mafi, shugul mafi." Wato aboki, ba hannu, ba aiki. Ya tuna min iƙamata, takardar zamana a ƙasar, saura wata biyu ta ƙare, kuma kamfani ba ya sabunta wa wanda ba ya iya ɗaukar kaya. Ina da mata da 'ya'ya huɗu da mahaifiya a gida. Ban gaya wa ko ɗaya ba. Na ƙara yawan tafarnuwar.

Juma'ar da ta biyo baya Malam, wato injiniyan nan, ya kawo mana labarin da ya buga daga wani shafin Hausa, kan wasu masana uku da aka ba babbar kyautar duniya ta likitanci. Kowa zai karanta sakin layi ɗaya. Na farko ya karanta cewa a cikin jini akwai ƙwayoyin da ake kira T, masu yaƙi da cuta. Na biyu ya karanta cewa kimanin shekara hamsin da suka wuce wasu masana sun ce a cikin ƙwayoyin nan akwai masu tsawatar wa sauran, amma suka kasa nuna su, wasu ma suka yi zuzutawa, har aka yi watsi da maganar, mai kama ta ya zama abin dariya.

Sai aka zo kaina. Takardar ma a kan gwiwa na ɗora ta. Na karanta a hankali cewa an taɓa cire wa jariran ɓeraye wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji, inda ƙwayoyin T suke girma, kwana uku da haihuwarsu. An zaci garkuwarsu za ta yi rauni. Sai ga shi ta haukace ta auka wa jikin ɓerayen da kansa.

Na tsaya. Wani mai gadi da ke zaune kusa da ni ya ce, "Alhaji, ci gaba mana, ko ɓeran danginka ne?"

Aka yi dariya. Na ce, "Malam, garkuwa tana iya cin mai ita?"

Ya dubi hannuwana, ya daɗe yana duba. Ya ce, "Ni famfo na sani, ba jini ba. Amma akwai wata likita 'yar ƙasarmu a asibitin da kake zuwa. Zan yi mata magana yau."

Kwana huɗu na jira. A cikinsu ban sha maganin ba, ban sha zumar ba, don ban san wanne ke kashe ni ba. Ranar na hau jirgin ƙasa na cikin gari, ina tsaye, na kasa riƙe ƙarfen sai da na saƙala gwiwar hannu.

Likitar ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta latsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Baba, yaushe rabonka da maganin?"

Na ce, "Wata biyu, Likita. Karantawa na yi."

"Me ka karanta?"

Na faɗa mata layin, don na haddace shi. Ta ajiye biro ta ce, "Daidai ka karanta. Aikinsa ke nan, don haka aka ba ka. Sojojinka ba rauni suka yi ba, Baba. Gida suka juyo wa. Kai kuma ka kori mai riƙe su kana dafa musu abinci."

Na ciro takardar Malam na ce ban ƙarasa labarin ɓerayen ba. Ta duba agogo, amma ta ƙarasa min. Ta ce wani masani ɗan Japan ne ya ƙi sakin maganar lokacin da kowa ya sake ta. Ya ɗebo ƙwayoyin T daga lafiyayyun ɓeraye ya sa wa waɗancan, sai ga shi sun tsira. Ya yi sama da shekara goma yana neman alamar da za a gane masu tsawatarwar da ita, har ya samu. Can a Amurka kuma wasu mutum biyu suna bin wani irin ɓera mai ɓawon fata da ke mutuwa cikin 'yan makonni, suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a jikinsa, suka gano ita ce take lalacewa a wasu yara maza masu wata muguwar cuta. Daga baya aka tabbatar ita ce ke sarrafa ƙwayoyin da ɗan Japan ɗin ya gano.

Na ce, "To a sa min su mana."

Ta ce, "Ana kan gwadawa, ba a kai nan ba tukuna. Maganinka ba su ba ne, yana dai taya su aiki. Kuma tsoronka ba banza ba ne, cuta za ta fi saurin kama ka, shi ya sa ake duba jininka. Zuma kuwa sha abarka a shayi."

Sai ta gaya min abin da ya fi tayar min da hankali. Maganin yana ɗaukar mako shida ko fiye kafin ya kama. Na ƙirga a zuci. Iƙamata saura mako bakwai. Ta ƙara min wani magani na ɗan lokaci don kumburin, ta rubuta takarda a rage min aiki mai nauyi.

Mudir ya karɓi takardar, ya mai da ni manna takardu a jikin kwalaye. Kowace safiya kafin in sauko daga gado nakan dunƙule hannu in ga inda ya tsaya. Mako na uku babu canji. Direban nan ya daina yi min maganar zuma, sai dai ya sa min maɓalli ya fita. Matata ta tambaye ni a waya me ya sa muryata ta canza, na ce sanyin na'ura ne. A mako na biyar yatsun hagu suka taɓa tafin hannu. Na dama biyu, ƙaramin da na kusa da shi, suka ƙi. Likitar ta ga hoton ƙashi ta ce waɗannan sun riga sun ciwu, da wuya su miƙe.

Saura kwana tara mudir ya kira ni gaban wani kwalin man girki. Ya nuna shi da haɓa, ya nuna saman katakon da ake jera kaya, ya harɗe hannu. Na sunkuya na zura yatsu takwas a ƙarƙashinsa. Na ɗaga, na kai shi na ajiye. Ya ce in ƙara. Na ƙara har biyar. Ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya juya ya shiga ofis.

An sabunta min iƙamar ta shekara ɗaya.