Ƙodarta a Cikin Auta

Duk asibitin Anti Sikanin ake ce mata. Shekara goma sha bakwai tana ɗaki ɗaya: ba taga, fitila a kashe, gado ɗaya, na'urar hoton ciki ɗaya. In likita ya soka allura ya ɗebo ɗan naman ƙoda don gwaji, sai a turo mata mutum ta duba ko jini ya taru a gefen ƙodar.

Dokar aikin: ta gani, ta rubuta, kar ta faɗa. Faɗa na likita ne. Tun tana ɗaure fuska da gangan har fuskar ta saba. A gida ma aka daina nemanta hira, wai zama da ita kamar zama da bango.

Amma da ƙodojin Auta, ƙanwarta, suka daina aiki, ita bangon ce ta kwanta aka cire tata ɗaya aka dasa wa Auta.

Ran Talata aka turo Auta a keken marasa lafiya. An yi mata allurar gwajin da safe, fitsari ya fito ja. In jini ne ke zuba a ciki, ƙodar na iya tafiya, kuma Anti ba ta da wata ta bayarwa. Abokin aikinta ne ke duba Auta kullum, ranar yana hutu.

"Yaya, man nan naku sanyi kamar halinki," in ji Auta da Anti ta shafa mata man hoton a ciki.

"Ƙara ɗaga rigar. Ja numfashi, ki riƙe."

Sai ga ta a allon na'urar. Ƙodarta. Shekara huɗu rabonsu. Ta bi gefenta a hankali tana neman baƙin tabo, alamar jini ya taru. Babu. Jini na shiga yana fita abinsa. Ta tsaya kallo kawai.

Gado ya fara rawa. Idanun Auta sun yi jajir, kumatu a kumbure. Tunda Anti ta fara aiki ba ta taɓa manta cewa "saki" ba, sai yau.

"Saki! Ke, saki mana!"

Auta ta sarƙe da tari. "Kin yi shiru. Ta lalace ko? Yaya, don Allah."

Anti ta kalli ƙofa. "Likita zai..." Ta haɗiye sauran. "Lafiyarta ƙalau. Har ƙiba ta yi a wajenki."

Mijin Auta ya tura keken, suna ta dariya a baranda, ana kiran dangi a waya ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya waiwayo.

Ta goge gadon. Ta buga hoto biyu, ɗaya na likita, ɗaya ta zura a jakarta. Sannan ta leƙa waje.

"Wa ke biye?"