Kazar Gado da "To" Ɗin Matar Ɗana

Shekarar da abin nan ya faru, ni tsohuwa ce mai ido a kan komai, a wani gida da ke bayan kasuwa a Talata Mafara. Maigidana ya riga mu gidan gaskiya, ɗan farina ke riƙe da gidan, amma ko tsintsiya ba a kawar da ita daga inda na aje ba tare da na sani ba. Ban yi boko ba, wannan ma da baki nake faɗa ana rubutawa. Abin da na sani shi ne kiwon kaji, kuma ban taɓa yarda akwai macen da ta fi ni saninsa ba. Kajina ba na kasuwa ba ne. Ranar da aka kawo ni gidan miji daga Bakura, innata ta sa mini wata jar kaza mai gajerun ƙafafu a kwando, ta ce irin na kakarta ne, kar in bari ya yanke a hannuna. Daga cikinsu aka yanka wa baƙi, aka yi wa masu jego farfesu, amma kullum akwai uwa guda da wuƙa ba ta taɓawa.

Ɗarin shekarar nan ya zo da ƙarfi, irin wanda ruwan randa ke cizon hannu da safe. Ciwon kaji ya biyo bayansa ya shiga unguwa. Sai ka ga kaza ta takure, ta saki fukafukai, wuya ya karkace, kafin azahar ta tafi. Nawa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har ya rage jar uwa guda, ita ma Allah ya tsare ta ne don tana kwanci a ƙarƙashin rumbu, nesa da sauran. Ta ƙyanƙyashe a tsakiyar ɗarin, lokacin da ba mai hankalin da ke son ganin 'yan tsaki. Ana cikin haka sanyin ƙashi ya kama mini gwiwoyi, ya kwantar da ni. Dole na bar amanar innata a hannun matar ɗana, wata Bafulatana da aka auro daga rugagen wajen Maradun. Tun zuwanta ban taɓa jin ta haɗa mini magana mai tsawo ba. Gaisuwa a durƙushe, kai a ƙasa, duk abin da na faɗa sai ta ce to. Ni kuwa na ɗauki shirun nan rashin wayo ne.

Daga kan gado na ba ta umarni dalla-dalla. Na ce da almuru ta kai uwa da 'ya'ya akurki, ta sa kasko da garwashi a ciki, ta toshe baki da 'yar ƙofar iskan nan da tsumma, kar sanyi ya sami hanya. Ban taɓa gwada haka ba, don ban taɓa renon 'yan tsaki a ɗari irin wannan ba, amma na faɗa kamar abin da na gada. Ta ce to. Har maƙwabciyata, wadda muke wasa da ita tun muna amare, da ta leƙo duba ni tana kukan nata kajin, na ba ta wannan shawarar. Kowace safiya in tambayi matar ɗana ko ta yi yadda na ce, ta ce suna nan lafiya. In sake tambaya, ta sake cewa suna nan lafiya. Amma ni kunnena ba ya barci. Akurkin yana kusa da tagata, ba na jin kukan 'yan tsaki daga can, ba na jin ƙaurin garwashi. Raina ya ba ni sun mutu ne take ɓoyewa.

Wata safiya na dogara sanda, na ja ƙafa har bakin akurki. Na tarar da shi wayam, kasko a kife, ko toka babu. Abin da na faɗa wa yarinyar nan ba zan maimaita shi duka ba. Na ce ta kashe mini abin da ya girmi mijinta, na ce a rugarsu shanu kawai aka sani. Ta durƙusa a ƙasa mai sanyi, ba ta ɗago ba, ba ta kare kanta ba. Ina cikin faɗan maƙwabciyata ta yi sallama, fuska ba walwala. Ta ce ta zo ne ta yi wa likitar kaji godiya, ta bi shawarata, ta buɗe akurki da safe ta tarar duk sun sheƙe da hayaƙi, ko wuƙa ba a samu sa wa guda ba, sun tafi mushe. Ta ce in ina da irin wannan maganin na gwiwa, don Allah in riƙe abina. Tana rufe baki muka ji ƙaramin kuka, ciyau-ciyau, daga madafa, wurin da na hana kaza ko leƙawa tun ina da ƙarfina.

Maƙwabciyata ta riƙe ni muka shiga. A gefen murhu aka kife babban kwando, an lulluɓe shi da zanen da na gane na cikin lefenta ne, an bar gefe guda a buɗe, wanda ba ya kallon ƙofa. Da aka ɗaga, ga jar uwa a kan ƙaiƙayi busasshe, 'ya'yanta na leƙowa ta ƙarƙashin fiffike, ba wanda ya ɓata. Maƙwabciyata ta tambaye ta yadda aka yi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ko a lokacin ba ni ta ba amsa ba. Ta juya wajen maƙwabciyar, murya ƙasa-ƙasa, ni ina tsaye kamar ba da ni ake ba. Ta ce a rugarsu ba a kwana da wuta a rufe da abu mai numfashi, ɗumin duwatsun murhu bayan an kashe wuta ya isa ya kai su safiya. Ta ce akurkin kuma marasa lafiya sun kwana a ciki, ta ji tsoron kai ƙanana. Ruwansu take ɗan ɗumamawa, ba ta sakinsu tsakar gida sai rana ta hau katanga, kuma tana share madafar tas kafin kowa ya fito, don ta san Inna, haka take kirana, ba ta son ƙazanta. Da aka ce me ya hana ta faɗa, sai ta ce ina ita ina gyara wa Inna magana.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Yarinyar nan ta tsaya tsakanin abu biyu, girmana da ran kajina, ta ƙi zubar da ko guda. Ta zaɓi ta sha faɗa da ta ce mini na yi kuskure. Zanen da mace ke ajiyewa don biki ta lulluɓa wa kaji, alhali ba nata ba ne. Ni da har yau ba na kama sunan ɗan farina saboda kunya, ni ce na kasa gane kunya da ta zo gabana ta durƙusa. Maƙwabciyata kuwa har gobe in ta ga hayaƙi sai ta tambaye ni ko jinya nake.

Don haka nake jan kunnen masu kiwo, kar tsoron ɗari ya sa ku rufe kaji da garwashi, iska ta fi musu wuta amfani. Ku kuma 'yan'uwana surukai, ku san to ɗin matan 'ya'yanku kala-kala ne. Akwai na yarda, akwai na kunya, kuma sau da yawa a bayan na kunyar akwai sanin da ku ba ku da shi. In ba za ta iya faɗa muku ba, ku nemo wadda za ta faɗa wa a gabanku.

Ni ban iya ba da haƙuri da baki ba, ba a koya mini ba. Da zafi ya shigo 'yan tsakin suka yi gashi, na zaɓi wata ja mai gajerun ƙafafu, na sa a kwando, na kira ta. Na ce irin na kakar innata ne, kar ta bari ya yanke a hannunta. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce to. Wannan karon na san wanne ne.