Sabon Kitso a Bahar Maliya

Sharaɗi ɗaya matar Yayana ta kafa min kafin mu bar gida a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira: kada ruwa ya taɓa kan 'yarta.

"Anti, teku fa za mu je," na ce.

"Ko rijiya za ku shiga. Ta jiƙa ƙafa, ta jiƙa ciki, ban da kai. Gobe suna."

Matar wani abokin karatun Yaya ce ta haihu, kuma Anti ta ci burin sunan. Wuni guda ta yi da 'yar tata a unguwar Arba wa Nus wurin wata mai kitso 'yar Sudan, aka yarfa mata ƙananan kalaba, kowace da dutsen ado a baki, aka shafe da man karkar. Shekarar yarinyar biyar, ta sha kuka har muryarta ta dushe. Anti kuwa cikinta ya tsufa, ba ta iya zaman mota. Shi ya sa da ɗalibai suka yi hayar ƙaramar bas zuwa Bahar Maliya, ni aka haɗa da yaran biyu, ita da wanta ɗan shekara bakwai. Yaya ma ya zo, amma zuwansa na suna ne kawai. Jirgin ruwan da muka shiga na tashi ya rungume bokiti yana amai, bai sake ɗaga kai ba.

Mai jirgin, wani Bamisire mai ƙaton tumbi, ya tsayar da mu inda ruwa ya koma shuɗi garau, ya raba rigunan hana nutsewa da tabarau na shiga ruwa. Ya nuna ƙasa ya ce murjani ne, kada a taka, kada a ɓalla. Na leƙa daga sama, ba abin da na gani sai inuwa-inuwa.

Yaron ya riƙe igiyar jirgi ya tsoma fuska. Duk ɗagowar da zai yi da labari yake zuwa.

"Gwaggo, akwai wani kifi ya sa janbaki."

Ya koma.

"Gwaggo, wani bakinsa irin na aku, dutse yake gaigaya. Ana cin sa?"

"Duk abin teku halal ne," in ji Yaya daga cikin bokiti.

Ƙanwar tana tsaye a bakin matakalar jirgi, hannunta a kan kitso kamar mai tallan ƙwai. Ta jawo bakin hijabina.

"Gwaggo, ni ma."

Na fara da dabara, Allah shaida. Na juye burodi daga leda na kifa mata ledar a kai, na ɗaure da ɗankwalina, na ɗora tabarau. Leda santsi, karkar santsi. Tana sunkuyawa tabarau ya zame ya koma wuya. Na ƙara tamkewa, ta ce duwatsun kitson suna huda mata kai. Mai jirgi yana kallonmu yana cewa ma'alish, wai ba komai, yana dariya har tumbinsa na rawa.

Sai idona ya faɗa kan tukunyar dafa-dukar da muka taho da ita. Murfinta gilashi ne. Na sauka matakala ruwa iya ƙuguna, hijabi na yawo a bayana kamar tabarma, na ɗora murfin a kan ruwa, na ce ta leƙa ta ciki. Ban wanke shi ba. Manja ya bazu, ƙwayoyin shinkafa suka bi ruwa, nan da nan wasu kifaye toka-toka suka taru suna wawaso.

"Kin gani?"

"Irin na kasuwa ne," ta ce. "Ina mai janbakin?"

Daidai nan wanta ya ɗago yana haki, wai ya ga wani abu kamar fure yana buɗewa yana rufewa, ga ɗan kifi ruwan lemo yana kwance a ciki. Yarinya ta ɓare baki.

Ni ba a san ni da dogon lallashi ba. Na dubi kitson, na dubi yarinyar da aka kwaso tun asuba aka kawo ta har nan don ta kalli murfin tukunya. Na fizge ledar, na zura mata tabarau a kan kalabar, na kama ta ta bayan riga.

"Ja numfashi. Rufe baki. Yalla."

Na kifa ta.

Shirun da ta yi ya sa na ɗago ta da sauri. Ruwa na zuba daga kowace kalaba. Ta zaro ido ta cikin gilashi.

"Gwaggo, akwai gari a ƙasa. Mayar da ni."

Na yi ta mayar da ita har hannuna ya sage. Daga baya ni ma na karɓi tabarau na leƙa. Duwatsu masu rassa kamar bishiyar da aka sassabe, wasu ja, wasu ruwan hoda, wani dunƙule guda sak ƙwaƙwalwar sa a faifan mahauci. Kifaye rawaya suna wucewa a jere ko kallona ba su yi.

Kafin mu shigo Alƙahira kan ya bushe ya tashi buzu-buzu, gishiri ya yi fari a kowace tsaga. Na shafa masa man da na samu a jaka, ya ƙara lalacewa.

Anti ta buɗe ƙofa, ta dubi kan, ta taɓa, ta kai yatsa baki.

"Ƙafa kawai ta jiƙa ko?"

"Har kai," na ce. "Ni na tsoma ta."

Ba ta yi min faɗa ba. Ta miƙo min tsinken tsifa ta ce bismillah. Da gari ya waye ta ga ba zan gama ba kafin lokacin suna, sai ta ce khalas, a bar shi haka, rabi a tsefe rabi a kitse. Ta naɗa wa yarinyar ɗankwali har gira, ta ja mata kunne kada ta kuskura ta cire.

Falon masu jego cike yake da mata, ana ta zuba shayi. Wata dattijuwa ta jawo yarinyar ta ce, "Kishiyata, ina kika je jiya ban gan ki ba?" Yarinya ta tsaya tsakiyar falo ta fara bayani, kifi mai janbaki, kifi mai kwana a fure. Dattijuwar ta ce ƙarya ne, wa ke gani a cikin ruwa? Ita kuwa ta tuge ɗankwalin ta yar, don ta nuna daidai inda igiyar tabarau ke bi.

Anti ta ajiye kofinta a hankali, ta juyo tana nemana. Ni ina kicin ina taya wanke-wanke, aikin da ban taɓa nema da kaina ba.