Festi da Dutsen Ƙofar Maƙabarta

Katanga ɗaya ce tsakanina da Festi Mulkerrin tun muna yara, saboda haka ba mai ba ni labarinsa. Masunci ne, sai dai ban taɓa ganin ya kawo kifin da ya fi tafin hannuna ba. Abin da ya iya a duniya ɗaya ne: ɗaga dutsen ƙofar maƙabarta.

A garinmu idan an gama binne gawa, maza sukan tsaya su gwada ƙarfi da dutsen nan. Wani iyakarsa gwiwa, wani ƙugu. Festi kuwa yana saurayi ya kai shi ƙirji, har ya sumbace shi. Tun ranar ba mu huta ba. Ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, ya yi furfura, zancen bai canza ba: dutsen Keltawa ne, kakanninmu, kuma Bakelte na asali kaɗai dutsen yake yarda ya ɗaga shi.

"To mu sauran fa?" na ce masa.

"Ke, Bairbre, da ganin hancinki an san an yi gauraye."

Bara sai kwamitin coci ya ce za a faɗaɗa wurin ajiye motoci, dutsen kuma ya tare hanya. Fada, limamin cocin, ya ce idan na tarihi ne a bar shi, in ba haka ba katafila ta tura shi teku. Aka yi sa'a akwai wata yarinya daga jami'a, Sadhbh, cikin masu tonon tarihi, tana kankare ƙasa da ɗan cokali a bayan tsohuwar coci. Aka ce ta duba.

Nan Festi ya buɗe mata hidima. Kullum shayi da burodi da man shanu, mutumin da ko ashana ba ya ba ni aro.

"Ci, 'yata, ci. Kin dai ga dutsen, ko? Ai ba ya buƙatar dogon bincike."

"Na gani, kawu."

Ta cinye burodin tas, sannan ranar da aka tara jama'a ta tashi a ɗakin taro ta ce dutsen ba ma irin na ƙasarmu ba ne. Ga alama cikin waɗanda ake danƙara wa jirgin ruwa ne don kada ya kife, wani ya yar a bakin gaɓa. Festi ya miƙe.

"Keltawan ne suka zo da shi a jirgi!"

"Kawu, dutse ba ya faɗin ƙabilar mai shi. Ko tukunya na tono, zan gaya maka yadda aka gina ta, amma ban san yaren da mai ita take zagin mijinta da shi ba."

Ɗaki ya fashe da dariya. Na ce, "Festi, ashe kayan wani matuƙi ka sumbata!" Bai ko kalle ni ba. Gaskiya na ɗan ji ba daɗi, amma kaɗan.

Ranar da katafila ta zo, sai ga shi da baro. Ya tuɓe kwat, ya miƙa mini.

"Riƙe, kuma ki rufe bakin nan."

"Tsoho, za ka ɓalle! Wa zai ɗauke ka?"

Ya tofa yawu a hannu, ya rungumi dutsen. Fuska ta yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Gwiwa kawai ya kai shi, amma gwiwar ta isa bakin baro. Direban katafila ya kashe inji ya tafa masa. Ni da Sadhbh muka tura baron har gida, shi yana biye a duƙe, yana ba mu umarni.

Yanzu dutsen yana ƙofar gidansa, shi kuma yana kan kujera a gefe da matashi a baya, don har yau bai miƙe sosai ba. Duk baƙon da ya tsaya ya tambaya ko na Keltawa ne, sai ya ce, "Da can ban sani ba. Yanzu dai a gidan Bakelte yake."

Ni kuma in leƙo ta katanga in ce a tambaye shi wa ya turo baron.