Ranar da Inna Ta Ga Fuskar Takwararta

Ko zan manta da komai na rayuwata, hantsin nan guda ɗaya ba zai fita raina ba, hantsin da wani tsoho mai hoto ya shigo gidanmu na Bukkuyum da kyamarori uku a cikin jakar fata. Yau yarinyar da aka yi abin dominta ta kusa kamo ni tsawo, amma in na rufe ido har warin hayaƙin ruwan wankan jego nake ji.

Shekara shida na yi a gidan mijina a Anka kafin Allah ya ba ni haihuwa. A cikin shekarun nan ne idon Inna, mahaifiyata, ya riƙa dusashewa, har ya zama ba ta rabe fuska. Haske da duhu tana gani, abu mai launi in ya zo dab da hancinta tana gani, amma mutane da murya take gane su. Da na haihu aka kawo ni gida wanka, aka sa wa jaririyar sunan Inna. Kullum da safe sai ta karɓe ta, ta bi fuskarta da yatsa tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Wagga hancinta ƙarami ne." Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ni ce abin yake ci.

Ranar suna wata 'yar uwarmu ta zo daga Gusau da kyamara irin wadda ake ganin hoto a bayanta nan take. Tana zagayawa tana nuna wa mata, sai ta kara wa Inna a fuska don girmamawa. Inna ta matso da idonta ta ce, "Wa ya ɗaura jan kallabi?" Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin lallai akwai mai jan kallabi a hoton, kuma matar tana can bakin rijiya, nesa da inda idon Inna zai kai. Kafin hidima ta lafa in samu baƙuwar, ta kama hanya. Lokacin wayoyinmu ƙanana ne, gilashinsu bai fi akwatin ashana ba. Na ƙudura a raina cewa kafin in yi arba'in in koma ɗakina, sai Inna ta ga fuskar takwararta.

Wanda na fara gaya wa shi ne autanmu. A shekarar Allah ya tarfa wa garinsa nono a wurin haƙar zinariya, abin da ya fara yi kuwa shi ne sayen mota ja mai ƙofa biyu, irin ta 'yan gayu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. In ya tayar da ita kaji sai su watse. Gaskiya motar tana da kyau, ni kaina na leƙa ta katanga na yi tasbihi. Sai dai daga bakin titi zuwa ƙofar gidanmu sai ya tsaya sau uku yana duba ƙasanta, damina kuwa ajiye ta yake yi ya hau kabu-kabu.

"Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne," in ji shi. "Ki bar mini. Wadda ta fi kowace zan kawo."

Bayan kwana biyu ya dawo da wata 'yar siririya mai ruwan azurfa, kamar sabulun wanka. Ya nuna mini lambar da ke jikin kwalin, ya ce mai shagon ya rantse masa duk kasuwar babu mai lamba sama da ita, wai ko tururuwa ka ɗauka sai ka ƙirga ƙafafunta. Ya ɗauki hoton jaririyar a tsakar gida, ya durƙusa gaban Inna ya kara mata.

Inna ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Masha Allah. Awo, kyakkyawa ce. Allah shi raya."

Auta ya washe baki. Ni da nake tsaye a bayanta na ga abin da bai gani ba. Garin miƙawa yatsansa ya danna wani wuri, hoton ya canza, abin da ke gilashin a lokacin tayar motarsa ce. Inna ba ta ga komai ba. Ta faɗa ne don kada ɗanta ya ji ya yi asarar tafiya. Na shige ɗaki na yi kukana, ban bari kowa ya ji ba. Da na gaya wa Auta daga baya, sai ya ce, "To ai ita ce mai tsadar." A lokacin shi da ni duka iyakar saninmu ke nan: abin da ya fi tsada ya fi kyau.

Saura kwana tara in koma Anka sai Goggo, ƙanwar babanmu, ta tuna da wani tsoho mai shagon hoto a Gummi, wanda ya ɗauki hoton aurenta tun zamanin da mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Ta ce yanzu yana sayar da kyamarori na hannu, yana gyara. Ni mai jego ce, ba fita, don haka Auta ya tafi ɗauko shi.

Da hantsi na ji ƙarar motar, sai kuma muryar wani dattijo daga ƙofar gida yana cewa, "Kama hannuna, yaro, fito da ni. Wanga ba mota ba ce, akurki ne. Tun daga Gummi gwiwata ke gaida haɓata." Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Na zura hijabi, aka yi masa iso, ya zauna kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna suka gaisa kamar sun san juna.

Auta ya miƙa masa 'yar azurfar tare da kwalinta. Tsohon bai ko kalli kwalin ba. Ya juya ta, ya ce, "Kyamara ce mai kyau. Wa zai kalli hoton?"

"Inna," in ji Auta.

"To mi ya sa ka tambayi mai shago, ba ka tambayi idon Inna ba?" Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, lambar nan da yake nuna miki, ta mai son wanke hoto ne babba shi rataya a bango. Ku ba bango kuke nema ba. Bayanta kuke nema. Dubi gilashinta, ƙarami ne, ga sheƙi kamar madubi. Mai lafiyar ido ma in ya fita rana sai ya kare da hannu."

Ya buɗe jakarsa ya fito da uku ya jera. Ya ce a mayar da Inna cikin ɗaki inda babu rana, ta ba ƙofa baya. Sannan ya ɗaga hannunsa ya ɗauki hoton yatsunsa da kowace kyamara, bai bari mun ga ko nawa ya ɗaga ba. Na gane hikimar daga baya: tambaya ya shirya wadda kara ba za ta iya amsawa ba.

"Hajiya, ban son Masha Allah," ya ce mata. "Yatsa nawa?"

Inna ta yi murmushi, ta san an kama ta. A ta farko ta ce ba ta ga komai ba. A ta biyu ta ce kamar akwai abu. Ta uku ita ce mafi muni a cikinsu, baƙa, mai kauri, an ɗaure murfin batirinta da salatif, duk gefenta ya goge. Amma gilashin bayanta ya kusa tafin hannu. Ya danna wani wuri hasken ya ƙaru, ya kara mata.

"Uku," in ji Inna. Ta ƙara matsowa. "Na tsakiyar yana da zobe."

Goggo ta dafe baki. Tsohon kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da yi mini bayani kamar mai sayar da gero. Ya nuna mini madannin da ke jawo hoto kusa, ya ce in lura babba ne, yatsa zai same shi ko ba a duba ba. Ya ce batirinta irin na rediyo ne da ake samu a kowane tebur, ba sai an jira wuta ta dawo ba. Ya sa na ɗaga idon kyamarar a haske in duba ko akwai ƙarzuwa, ya ce jiki ya tsufa ba laifi, ido ne kada ya tsufa. Ya hana ni kunna walƙiyarta a fuskar jaririya. Ya waiga ga Auta ya ce, "Kai ma da hanya ka fara dubawa kafin mota, da yanzu bayana lafiya lau." Auta ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, a yi haƙuri, a kabu-kabu zan mayar da kai."

Daga nan ya ce a samo baƙin zane. Aka rataya a bayana, na zauna a bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe, na rungume yarinyar. Allah da ikonsa ta buɗe ido a daidai lokacin. Ya ɗauka sau ɗaya kawai, ya jawo fuskar ta cika gilashin, ya sa kyamarar a hannun Inna, ya ɗora yatsanta a kan madannin.

Inna ta kai gilashin har yana taɓa girarta. Tana matsar da shi a hankali, ido, hanci, baki, kamar yadda take bi da yatsa kowace safiya. Laɓɓanta suna motsi, na san salati take yi. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Goshin Malam ne. Wallahi goshin Malam ne." Tana nufin babanmu, wanda ya rasu ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Goggo ta fashe da kuka. Ni na yi wata guda ina kallon yarinyar nan dare da rana ban ga wannan kamar ba, sai da wadda ba ta gani ta nuna mini.

Na ɗauka an gama ke nan. Sai yatsan Inna ya zame, hoton ya ja baya, ya nuna mai riƙe da jaririyar. Ta tsaya.

"Wace ce wagga?"

"Ni ce, Inna."

"Ke?" Ta sake jawowa da kanta, ta daɗe. "Na bar ki da kumatu. Ina kumatun?"

A idonta ni har yanzu yarinyar nan ce da ta gama sakandare aka kai ta ɗaki. Duk shekarun jiran haihuwa, da maganganun mutane, da azumin da na yi ta yi ina roƙo, ban taɓa gaya mata ko ɗaya ba, kullum in na zo sai in gyara murya in ce lafiya lau. Ga shi ta karanta su duka a gilashi guda.

Ta ajiye kyamarar a cinyarta, ta lalubo fuskata da hannu biyu. "Ashe kin sha wuya, ɗiyata, kina yi mini dariya a murya. To ga shi Allah ya share miki." Tsohon ya tashi a hankali ya koma zaure, Auta ya bi shi yana goge ido da hular hannunsa.

Baƙar kyamarar muka ɗauka, tsohon ya karɓi 'yar azurfar a madadinta. Na bar ta a wurin Inna da na koma Anka. Goggo ta ce sai da Inna ta sa aka ɗauko mata hoton kowa na gidan ɗaya bayan ɗaya, har akuyarta da bishiyar ɗorawar da ke bayan gida, tana kallo tana faɗin wanda ya tsufa da wanda ya yi ƙiba. Shekara biyu ta yi tana wannan kallo kafin Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta.

Tun daga ranar, ko tukunya zan saya sai na tambayi kaina wa zai yi amfani da ita, kuma a ina, kafin in tambayi wadda ta fi kyau a kasuwa. Amma babban abin da na koya ya wuce saye. Ni mai ido biyu lafiyayyu na zauna da fuskoki a gabana ina wuce su kamar bango, Inna kuwa da aka ara mata gani na ɗan lokaci ta tsaya ta duba har ta ga abin da na ɓoye. Shi ya sa yanzu in 'yata ta shigo ta ce mini lafiya lau, nakan ajiye abin da ke hannuna, in juyo, in kalle ta sosai, in gode wa Wanda ya ba ni idon.